Inda Muka Kwana a Koyon Harbi: Daidaita Kibiya da Baka Kafin Shiga Daji

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Mun wuce zangon riƙon baka da ɗana kibiya da saki, yanzu mun iso inda masu koyo suka fi asarar kuɗi: a sayi baka mai tsada, sai a kwaso duk kibiyar da aka samu a zuba a kwari. Alhali kibiya ce ke shiga jikin dabba, kuma wadda ba ta dace da bakanta ba ba za ta tafi daidai ba, ko hannun wa ya sake ta.

A fara da sanin ƙarfin bakan. Bakunan waje akan rubuta musu ƙarfinsu, misali fam 45 (fam awon nauyi ne) a jan inci 28. Wanda jansa bai kai 28 ba, ya rage wajen fam biyu zuwa uku a kowane inci, wanda ya zarce kuma ya ƙara. Bakan gida ba ya zuwa da rubutu, sai a maƙala sikelin rataya a tsirkiya, a ja har inda hannu ya saba tsayawa, a karanta. Kilo 20 ya yi kusa da fam 45. Tsawon kibiya kuwa, a ja ta cikakken ja, wani ya sa alama inda ta wuce gaban baka, a ƙara inci ɗaya. Wannan incin ne ke hana kaifin ruwan kibiya yanka yatsa.

Sai tauri, wanda nan ne aikin yake. Idan aka saki tsirkiya, kibiya na lanƙwashewa ta kewaye mariƙin baka kafin ta miƙe. In ta cika laushi ta lanƙwashe fiye da kima, in ta cika tauri ta ƙi kewayawa. Lambar da ke jikin kibiyoyin kabon, wato na zamani da ake ƙerawa a masana'anta, 400 ko 500 ko 600, ita ke faɗin wannan: ana ɗora karan a kan madogara biyu masu ratar inci 28, a rataya giram 880 a tsakiya, a auna lotsawarsa. Mai lamba 500 ya lotsa rabin inci ke nan. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce mai tauri, kuma mutane da yawa na juya wannan. Bakan fam 45 da kibiyar inci 29 ko 30 da kai, wato ƙarfen gabanta, mai nauyi, 500 ce aka fi farawa da ita. Bakan da ba a fafe masa mazaunin kibiya ba, irin namu na gargajiya, yana son wadda ta ɗan fi haka laushi, don kewayen da za ta yi ya fi yawa.

Mai aiki da kyauro ko siririyar gora zai iya wannan awo a gida da ƙusa biyu a jikin katako da roba mai yashi giram 880. A ware waɗanda lotsawarsu ta zo ɗaya. A riƙa juya karan ana aunawa, domin kowane kyauro yana da ɓangaren da ya fi tauri, kuma shi ake sa wa ya jingina da baka. Mai karkata a gasa shi a saman garwashi, ba cikin harshen wuta ba, a miƙar da shi da hannu, a riƙe har ya huce. Gurbin tsirkiya a yanka shi dab da bayan gaɓa, a naɗe da jijiya ko zare mai ƙarfi, haka ma bakin da ƙarfe zai shiga. In ba a naɗe ba, ranar da kibiya ta bugi abu mai tauri ƙarfen zai tsaga karan ya shige ciki.

Lamba dai mafari ce, gwaji ke yanke hukunci. A tsaya mita 10 zuwa 15, a harba masu gashi uku da marasa gashi biyu a wuri ɗaya. Ga mai jan tsirkiya da dama, in marasa gashin suka faɗa dama da sauran, karan ya yi laushi: a rage tsawonsa da kwatan inci, ko a sa kai marar nauyi. In hagu suka faɗa, ya yi tauri, a ƙara nauyin kai. Bahago ya juya lissafin. In ƙasa suka sauka, ƙullin da ke kan tsirkiya, wanda ke nuna inda ake ɗana kibiya, ya yi sama, a sauko da shi kaɗan. Akan fara shi wajen rabin inci sama da mazaunin kibiya. Kada a yi wannan gwaji da kai mai kaifi, kuma kada a yi gaggawar yanka, don abin da aka datse ba ya dawowa. Wanda sakinsa bai zauna ba tukuna ya dakata, domin hannu mai fizgar tsirkiya kan sa kibiya mai kyau ta yi kamar mai laushi.

Nauyi: ƙa'idar da maharba suka saba ita ce giren 10 a kowane fam na ƙarfin baka (giren ɗan ƙaramin awon nauyi ne, goma sun yi giram 0.65). Bakan fam 45 ke nan yana son kibiyar wajen giram 29. Ƙasa da giren 8 a fam, baka zai yi ƙara, ya girgiza hannu, ya kuma gaji da wuri, saboda ƙarfin da kibiya ba ta ɗauka ba jikinsa yake komawa. Mai nauyi ba ta gudu sosai, amma ta fi nutsewa. Ed Ashby, wanda ya daɗe yana gwaji a kan manyan namun daji a Afirka ta Kudu da Ostareliya, ya nuna cewa fasa ƙashi mai kauri na bukatar wajen giren 650, kimanin giram 42. Gada da zomo ba sa bukatar haka. A ɗora kibiya a kan yatsa: mai inci 30 ta daidaita aƙalla inci uku gaba da tsakiya.

Kibiyar maharbanmu ta da ba ta da gashi, ba ta da nauyi, ruwanta siriri ne mai kunnuwa, domin aikinta ta maƙale dafi ya yi sauran. Shawarata a bar dafi gaba ɗaya. Haɗari ne ga mai shi da yaran gida da karnuka. To in babu dafi, kaifi ne zai yi aikin, don haka a nemi ruwa mai baki biyu, faɗin inci ɗaya ko ɗan fi, giram 8 zuwa 13, marar kunne. Maƙeri zai iya ƙera shi, amma a je masa da sikeli don su fito nauyi ɗaya. A wasa da magagari, a bi da dutse, a ƙare a kan fata, har sai ya aske gashin hannu. Bayan an ɗaura, a juya kibiyar a kan tsininta. In tana rawa, kan bai zauna a tsakiya ba, kuma faffaɗan ƙarfe zai ja ta gefe. Irin wannan kai dole ya samu gashi a baya: uku, masu inci huɗu zuwa biyar, na talo-talo, duka daga fiffike ɗaya. Na roba yana karo da mazaunin baka ya yi tsalle.

Akwai kuma kai mai dakushi da ake harbin tsuntsu da zomo. A tuna da hadisin Adiyyu ɗan Hatim: abin da kibiya ta huda bayan an ambaci sunan Allah ana ci, wanda bugu kawai ya kashe ba a ci. Mai irin wannan kai sai ya riski dabbar da rai ya yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugu.

Sauran kaya ba su da yawa. Fatar yatsu uku da fatar da ke kare sangalin hannu daga dukan tsirkiya, baduku zai ɗinka su. A cusa soso a gindin kwari, kowane ruwa ya samu gurbinsa, in ba haka ba za su riƙa gugar juna su dakushe, ƙararsu kuma ta kori nama. Tsirkiya ta biyu da aka riga aka yi harbi da ita, da kakin zuma na shafa mata, musamman da hunturu. Tsohon baka da na itace zalla a sa musu tsirkiyar dakron, wani zaren roba mai ɗan miƙewa, domin zaren zamani marar miƙewa na iya tsaga bakinsu. Kada a bar baka a ɗame cikin mota da rana, zafi na sakin gam ɗin da ya haɗa shi. Kibiyar kabon kuma a ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne kafin harbi, in ta yi ƙas-ƙas a jefar.

Yankari da Gashaka-Gumti da gandun W na Nijar duk an hana farauta a cikinsu, a wasu wuraren ma a nemi izini tukuna. Zango na gaba shi ne harbi da kai mai kaifi a tulin yashi, daga tsugune da durƙushe. Duk wanda kibiyoyinsa ba su taru cikin faɗin faifai a mita 15 ba, ya ci gaba da yashin tukuna.