Hanyar da magani ke bi zuwa ƙurewar ido

Abu na farko da aikin jinya a sashen ido ya koya mini shi ne, maganin ɗigawa tafiyarsa gajera ce. Da mutum ya ɗiga ya ƙifta, hawaye sun kwashe mafi yawansa, sun bi ta 'yar kafar da ke lungun ido sun gangara hanci. Shi ya sa wasu ke jin ɗaci a maƙogwaro. Abin da ke ratsawa ciki bai kai kashi 5 cikin 100 ba, shi ma a gaban idon yake tsayawa. Ita kuwa retina, shimfiɗar da ke ɗaukar hoton abin da muke gani, tana can ƙurewa, bayan wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Ƙwayar haɗiya ma ba ta cika yin aiki ba, domin jijiyoyin jinin wurin a tsuke suke, ba kowane magani suke bari ya tsallaka ba.

Saboda haka idan ciwon suga ya sa jijiyoyin suka fara yoyo, tsakiyar retina ta kumbura, sai dai allura. Da jin haka jikin mutane ke yin sanyi. "'Yata, a cikin idon? Ba ku da na ɗigawa?" Nakan ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku, kafin ku gama salati an gama."

Kuma ba faɗa ba ce kawai. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin, a sa ɗan ƙarfen da ke riƙe fatar ido a buɗe. Likita ya auna milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin ido, ya soka siririyar allura ta farin, ya tura mililita 0.05, bai fi ɗigo guda ba. Awon nan shi ne komai: a matso gaba a taɓa madubin da ke cikin ido, a ja baya a huda retina. Muna sa takunkumi, mu hana hira, don ƙwayoyin cutar baki na iya faɗawa wurin.

Maganin da aka fi samu, Avastin, asalinsa na dajin hanji ne, a 2004 Amurka ta amince da shi. A 2005 wani likita a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada shi a cikin ido. Lucentis, wanda aka yi musamman don ido, ya fito a 2006 da tsadar gaske, har wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2011 cewa aikinsu kusan ɗaya ne kan lalacewar retina ta tsufa. Sai dai kwalbar Avastin guda ake rarrabawa a sirinji da yawa, kuma a ganina nan ne haɗarin ya fi yawa. Wurin rabon idan ba tsaf yake ba, mutum goma na iya kamuwa rana ɗaya.

Abin da ya fi zama mini darasi shi ne, allurar ba ita ce wahalar ba, dawowar ce. Ido na fitar da maganin cikin 'yan makonni, don haka da farko duk wata ake yi. Mai zuwa daga ƙauye ga kuɗin mota, ga na allura, ga ɗan rakiya da ya bar sana'arsa. Ya yi biyu, ya ga gari ya washe, shi ke nan sai bayan wata takwas ya dawo ana riƙe da sandarsa. Yanzu na fi daɗewa ina yi wa ɗan rakiya bayani fiye da majinyacin, tunda shi ke riƙe da aljihu.

Masu bincike ma wannan suke neman magancewa. Ozurdex ɗan tsinke ne da ake harbawa cikin ido, ya riƙa narkewa tsawon watanni. Wani tsinken, Iluvien, kan kai shekara 3. Amma dukansu na iya jawo yanar ido da hawan jinin ido, ke nan dole a riƙa zuwa awo. Kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin yawancin waɗanda ke zaune a bencinmu.