Wayar saƙo ba wayar wuta ba ce

A gonakin rani na wajen Kura da Kadawa, inda nake haɗa inbatocin famfunan sola da na'urar tattara bayanai, abin da ya fi wuyar cirewa daga kan yaran aikina shi ne sabon wayarin gida. Mai wayarin gida ya saba ɗauko wuta daga akwati ɗaya ya rarraba ɗaki-ɗaki. RS-485, wato tsarin wayar saƙo da ke haɗa na'urorin nan, ba ta lamuntar haka. Layi ɗaya take so, ya shiga wannan inbata, ya fita ya shiga na gaba, a jerin gwano har ƙarshe.

Dalilin shi ne saƙo idan ya kai bakin waya bai tarar da abin da zai shanye shi ba, dawowa yake ya gauraya da wanda ke biye da shi. Shi ya sa ake sa rizista mai om 120, ɗan abin da ke shanye saƙon, a farkon layi da ƙarshensa, wuri biyu kawai. Inbatoci da yawa suna da ɗan makunni a ciki na wannan aikin, yaro kuwa da ya gani sai ya kunna duka, wai don a ƙara ƙarfi. Yanzu kafin komai nakan kashe wuta in ɗora mita tsakanin A da B, wato wayoyi biyun da ke ɗaukar saƙon. In na ga wajen om 60, lafiya lau. In 120 ne, gefe ɗaya ba rizista. In 40, wani ya kunna na uku.

Su kansu A da B ɗin kamfanoni ba su daidaita ba, A ɗin wani B ɗin wani ne. Idan layi ya yi shiru, juya su kafin ka zargi na'ura. Ba abin da zai ƙone.

Rigimar da ba ta ƙarewa da masu gona ce. "Injiniya, ai waya waya ce, a sayo mai araha a Sabon Gari."

"Ranka ya daɗe, wannan sai murɗaɗɗiya mai rufi."

A takarda layin na iya kai mita 1,200 da na'urori 32, amma da waya ta gari, kuma ba a rami ɗaya da kebul ɗin famfo ba, don hayaniyar inbata na shiga saƙon Modbus, wato harshen da na'urorin ke magana da shi. Rufin kuma a gefe ɗaya ake kai shi ƙasa. Sannan a zura wayar cikin bututu, saboda ɓeraye da fartanyar masu noma.