Ƙannena masu koyon aikin jarida, ku bi a hankali da adadi

Abin da ya fi cutar da ni a farkon aikin nan shi ne son in riga kowa sakin labari. An kai hari wani ƙauye ta wajen Maru, wani ya turo min murya a WhatsApp yana kuka har da faɗin yawan waɗanda aka kashe, ni kuma ko mutum ɗaya ban kira ba na rubuta na saka. Ashe da yawansu daji suka faɗa, washegari suka dawo da ransu, alhali 'yan uwansu a Gusau har sun fara karɓar gaisuwa. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ko hukuma ma adadinta na canzawa. Lokacin da aka ɗauke 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan sanda sun ce 317 ne, da aka sako su 279 aka ƙirga. To kun ga dalilin da ya sa duk adadi sai an jingina shi ga mai shi, a ce inji wane. Kuma ku tambayi mai ba ku labarin, da idonka ka ga gawarwakin ko ji ka yi? Wa ya ƙirga? Ku nemi liman da ya yi musu sallah ko waɗanda suka haƙa kabari, su ba sa ƙari, sannan ku kira wani daban wanda ba a bakin na farkon ya ji ba, don mutum goma da suka ji daga mutum ɗaya shaida ɗaya ce.

Sai batun suna, dan Allah wannan ku riƙe shi da kyau. Ɗan ƙauye ya yarda da kai ya faɗa maka hanyar da 'yan bindiga ke bi, kai ka koma gari ka kwanta shi yana can, kuma infoma ma suna Facebook. Na taɓa cire sunan wani amma na bar sana'arsa da unguwarsu, kowa ya gane shi, dole ya bar garin. Kafin ku kunna rikoda ku nemi izini, ku faɗa masa inda maganar za ta fita, in ya ce kar a sa muryarsa to kar a sa ko da edita ya matsa.