Neman ayu daga Yamai zuwa Sayi

Mun bar Yamai da asuba a ƙarshen watan Afrilu, a jirgin katako mai inji doki 15, daga wata mashaya da ke ƙasa da gadar Kennedy. Da gangan aka zaɓi lokacin. Kogin Kwara sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jar cika ta Agusta da Satumba, wadda ruwan damina na Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa, sai kuma cikar da ke tasowa daga Gini, wadda take kaiwa ƙololuwa wajen Janairu. Daga nan ruwa yana ta ja har Mayu da Yuni. Idan kogi ya cika, ayu yana bazuwa cikin fadamu da gonakin shinkafa, ba ta inda za ka kama bakin zaren. Idan ruwa ya ja kuwa, dole ya koma gurabe masu zurfi, kuma gurbi abu ne da ake iya aunawa a sa a taswira.

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a kasuwa wurin masu kifi ake jin labarinsa. Dabba ce mai shayarwa, da huhu take numfashi, kuma cikin dabbobin tudu giwa na daga cikin mafi kusanci da ita. Babba yana kai mita 3, wani ya wuce, nauyinsa ɗaruruwan kilo. Irin namu na Afirka yana rayuwa a ƙasashe 21, daga kogin Senegal har Angola, a bakin teku da cikin koguna, har tafkin Lere na Chadi. 'Yan uwansa uku ne suka rage a duniya: na Amazon, da na Florida da Karibiyan, da dugon na tekun Indiya. Akwai wani ƙato da Turawa suka fara gani a tekun Bering a 1741, kafin 1768 ta wuce an cinye shi ƙaf. Masu wannan aiki ba sa manta shekarun nan 27.

Daga Gamkalle zuwa Saga ba mu tsaya ba. Ƙarar injuna da masu ɗibar yashi da masu wanki sun isa su kori duk abin da muke nema. Aiki ya fara bayan Libore. Yaron jirgi yana gaba da gora yana taɓa ƙasa, mu kuma muna sakin igiya mai dalma wadda aka ƙulla a kowane rabin mita. Duk inda zurfi ya wuce mita 3 sai a tsaya, a ɗauki lambar GPS, a auna tsawon gurbin da faɗinsa, a rubuta ko ƙasansa yashi ne ko laka ko dutse, a duba ko akwai ciyawa kusa. A wannan wata yawancin kogin bai kai ƙirji ba, a wurare da yawa ma sai an sauka an tura jirgi. Wanda bai ɗaga inji da wuri ba zai karya farfela a kan dutse, shi ya sa ake tafiya da ta ajiya da ƙusoshinta.

Sai kuma auna duhun ruwa, da wani faifai mai faɗin santimita 20, rabi fari rabi baƙi, da ake saukarwa har ya ɓace wa ido. Bai taɓa yin nisa ba kafin ya ɓace. Wannan shi ne tushen wahalar duka. A Florida ayu yana taruwa a maɓuɓɓugan ruwan ɗumi masu haske lokacin sanyi, ana ƙirga shi daga jirgin sama, ana gane kowanne da tabon da farfela ta yi masa a baya. A nan abin da ido zai samu, in an yi sa'a, ƙofofin hanci biyu ne da za su ɓullo na daƙiƙa biyu ko uku su koma. Yana numfashi duk bayan minti 3 zuwa 5, idan yana hutawa kuma yana iya kaiwa minti 20 a ƙasa. Inda aka saba farautarsa ya koyi fitowa da dare, ya sa hanci a ƙarƙashin ganye.

Saboda haka alama ake bi. Ta farko ita ce wurin kiwo. Ayu yana cin ciyawar burgu da sauran ciyayin bakin ruwa daga cikin ruwa, yana fizgo su da leɓensa na sama mai tsage biyu, sai ka ga kara a tsattsage, ganye da saiwa suna yawo a sama. Dorina a tudu take kiwo da dare, tana barin sawu da turba, tana watsa kashinta da wutsiya. Shanu kuma suna barin kofato a laka. Idan an ci ciyawa ta ɓangaren ruwa mai zurfi kuma babu sawu ko ɗaya a gaɓa, sai a rubuta. Alama ta biyu kashi ne, dunƙule-dunƙule masu zare, kore mai duhu, kamar na jaki, suna yawo a kan ruwa ko sun maƙale a ciyawa. Mun samu irinsa a wani gurbi tsakanin Kollo da Sayi, da sassafe kafin iska ta tashi.

Ɗaukarsa yana da ƙa'ida, domin abin da ake so ba ciyawar ciki ba ce, ƙwayoyin hanjin dabbar ne da suka manne a bayan dunƙulen. Ana sa safar hannu sabuwa, a kankare saman da cokalin roba, a zuba a kwalba mai alkol kashi 95 cikin ɗari, alkol ɗin ya rinjayi kashin sosai. Da fensir ake rubuta takarda a jefa ciki, don alkol yana wanke tawada, kuma kwalba marar suna shara ce. A zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, marfin da bai rufu da kyau ba yana barin alkol ya tsere kafin yamma. Kashin da ya kwana biyu a rana ya riga ya lalace, ana rubuta shi a matsayin alama kawai.

Mun kuma tace ruwa. Duk dabbar da ke cikin ruwa tana zubar da ɓurɓushin fata da majina, kuma a ɗakin gwaji ana iya gano na ayu a cikin lita ɗaya. A takarda abin da sauƙi. A kogi laka tana toshe matatar tun ba a kai rabin lita ba, sai a bar ruwan ya kwanta ko a raba shi a matata biyu. Ana ɗiba daga gaban jirgi, ta inda ruwa ke zuwa, ana wanke kaya da ruwan jabel tsakanin wuri da wuri, kuma kowace rana ana tace kwalba ɗaya ta ruwa mai tsabta da aka zo da ita daga gari. Idan ita ma ta nuna ayu, aikin ranar ya ɓaci, hannu ne ya gurɓata. Ko sakamako ya yi kyau, abin da ya ce shi ne akwai ayu a nan ko a sama da nan, tunda ruwa tafiya yake. Bai faɗi guda nawa ba.

Na'urar da na fi yarda da ita ita ce ta sauraro. Ayu yana yin wani siririn kuka gajere, musamman uwa da ɗanta. Ana ɗaure na'urar a jikin bulo na siminti, a ɗaga ta kamar rabin mita daga ƙasa don kada laka ta binne ta, a bar ta kwanaki tana naɗa. An gwada wannan a tafkin Ossa na Kamaru, inda Aristide Takoukam Kamla da abokan aikinsa suka daɗe suna bin ayu. Ba a sa mata tulluƙi mai kyalli a sama, don wani zai ɗauka kayan kuɗi ne, kuma taru yana iya jan ta. Ana damƙa ta amana ga mai gurbin, a biya shi gadi.

Kowane gurbi da mai shi. A wani zangon masunta kafin Sayi muka sauka wurin sarkin ruwa, dattijo Basarke wanda iyayensa daga Kabi suka hauro. Ba mu je da mai kaki ba. Dokar farauta ta 1998 ta sa ayu cikin dabbobin da aka hana kashewa kwata-kwata a Nijar, kuma masunta sun san haka, saboda haka idan ka zo da ma'aikacin gandun daji, kowa zai rantse bai taɓa ganinsa ba. Bayan gaisuwa da goro na ce, "Baba, yaushe rabonka da shi?" Ba a tambayar ko akwai ayu, domin mai karɓar baƙo zai ce akwai don ya faranta maka. Ya ce, "Malam, ganin ido an daɗe. Amma bana ya shiga mini ragar kalli, ya tsotse kifi ya bar mini kawuna." Da can masana suna ɗaukar irin wannan magana tatsuniya, wai ayu ciyawa kaɗai yake ci. Binciken Lucy Keith-Diagne a kan ƙasusuwan ayun Afirka ya nuna yana cin kifi da ƙumba ma. Masunta sun riga su sani.

Muna nuna hotuna a gauraye, har da na dabbobin teku da ba su taɓa shigowa Kwara ba. Wanda ya nuna dugon ya ce jiya ya gan shi, sai a rage nauyin sauran maganarsa. Ana kuma tambayar wata da wuri, don ayu ɗaya da ya ratsa zango uku yana iya zama uku a littafi.

Dattijon ya fito mana da haƙarƙari da muƙamuƙi da ya gada. Haƙarƙarin ayu ba ɓargo a ciki, nauyi gare shi, shi ke taimaka masa ya zauna a ƙasan ruwa. Haƙoransa turame ne kaɗai, sababbi suna fitowa daga baya suna turo tsofaffi gaba har su zube, saboda yashin da ke cikin ciyawa yana cinye su. Don haka ba a gane shekarunsa da haƙori. Da ƙashin kunne ake ganewa, a yanka shi siriri a ƙirga layukan da ke ciki. Mun roƙi ɗan gutsure, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ba mu. Idan aka tarar da mushe, abin da ake buƙata shi ne tsawo daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya a miƙe, hoto da ma'auni a gefe, yankin fata santimita ɗaya a alkol ko gishiri, da jinsi: al'aurar namiji tana kusa da cibiya, ta mace tana kusa da dubura.

Farautar zago, wadda Sarkawa ke yi da tsafinta da sharuɗɗanta, ta ja baya. Yanzu raga ce ke kashewa. Kalli na leda da aka shimfiɗa ya kwana a bakin gurbi yana naɗe ɗan ayu ya hana shi kai hanci sama, dumba kuma, wato shingen kama kifi, tana tare masa hanyar komawa kogi idan fadama ta fara ƙafewa. Da ya mutu kuwa ba asara ba ce ga mai raga, tunda nama yana da masaya, man ayu kuma kowa ya san abin da ake nemansa dominsa. Yawan kwalaben da ake tallarsu da wannan suna a kasuwanni ya fi ƙarfin ayun da ke kogin, amma ko na jabu yana raya kasuwar na gaske. A 2013 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, sai dai kwalbar mai ba ta tsayawa a kwastan. Lissafin haihuwarsa kuma ba ya ɗaukar asara: ciki wajen shekara ɗaya, ɗa guda, shayarwa har kusan shekara biyu. Gurbin da ya rasa mace biyu a rani ɗaya zai daɗe bai farfaɗo ba.

A Sayi muka tsaya. Jami'an tsaro sun ce kada mu gangara wajen Kirtashi da gandun W, inda aka fi sanin ayu, kuma ba mu yi gardama ba. Mai son ɓangaren Bumba da Gaya gara ya bi ta Dosso a mota, ya nemi izini tun daga Yamai.

Duk kwalaben samfurin da muka tara tambaya ɗaya suke son amsawa: ayun Ayoru da na Sayi da na Gaya dangi ɗaya ne masu zirga-zirga, ko ƙananan garke ne da kowanne ya maƙale a gurbinsa? Ayu yana iya tafiya mai nisa. A kogin Senegal, a 2009, an ɗaura wa wasu da aka ceto na'urar tauraron ɗan'adam a gindin wutsiya, ɗaya ya yi sama da kilomita 300. Namu suna tsakanin ƙofofi biyu, madatsar Markala ta Mali a sama da ta Kainji a ƙasa, wadda ta raba su da na bakin teku tun 1968. Madatsar Kandaji da ake ginawa kusa da Ayoru za ta zama ta uku, a tsakiya. Tana da fuska biyu. An tsara ta riƙa sakin mita kubik 120 a kowace daƙiƙa a lokacin rani, kuma wanda ya tuna Yunin 1985, da kogi ya daina gudu a Yamai, ya san amfanin haka ga gurabe. Amma za ta rage cikar da ke shayar da burgu, ta kuma raba na sama da na ƙasa. Idan ba a tara samfur daga ɓangarorin biyu kafin a rufe ta ba, babu abin da za a gwada da shi daga baya.

Da za mu juyo, sarkin ruwa ya yarda mutanensa su daina kwanar da kalli a bakin gurbi biyu daga Afrilu zuwa saukar damina, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya yanka ragarsa don ya saki ayu, a biya shi sabuwa cikin mako, ba a ce ya jira takarda daga Yamai ba.