Inda dattin ƙwaƙwalwa yake zuba

Kowa ya san kaluluwar da ke kumbura a wuya in maƙogwaro ya yi ciwo. To, ƴan uwanta da ke can cikin wuya su ne mazubar dattin ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune, garau kamar na randa. Bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki na yin kusan rabin lita kullum, wato ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu. Ruwan yana shiga ta siririn ratar da ke kewaye da jijiyoyin jini, bugun zuciya ne ke tura shi. Wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro sun lulluɓe jijiyoyin, a jikinsu akwai ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin 4. Ta nan yake ratsa naman ƙwaƙwalwa, ya kwaso furotin biyu, amiloyid beta da tawu, waɗanda taruwarsu ce alamar cutar Alzheimer, babbar musabbabin gigin tsufa. Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka bayyana wannan hanya a 2012. A 2015 kuma aka gano magudanai a fatar da ke rufe ƙwaƙwalwa, masu kai ruwan zuwa wuya.

Ana ganin wannan wankin ya fi ƙarfi a barci mai nauyi. Gwajin 2013 ya nuna ratar da ke tsakanin ƙwayoyin tana buɗewa da kusan kashi 60 cikin 100 idan an yi barci, amiloyid kuma ya riƙa fita da saurin da ya kai ninki biyu. Sai dai a ɓeraye aka auna wannan, kuma wani bincike na Landan a 2024 ya musanta shi. Don haka duk mai tallar maganin "wankin ƙwaƙwalwa" a WhatsApp, kuɗinka yake so.

Abubuwan da ke lalata aikin sun fi bayyana. Tsufa na sa ƙofofin ruwan su goce daga mazauninsu. Hawan jini na sandarar da jijiya, bugun da ke tura ruwan ya raunana. Sai minshari mai yanke numfashi: mutum ya yi shiru, ya zabura da shaƙewa, ya tashi da ciwon kai yana gyangyaɗi da hantsi. Wannan na likita ne, ba abin dariyar gida ba.

A Yamai, zafin Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya hana barci, balle a ƙara da shayin fada har ƙarfe ɗaya. Rabin kafeyin (sinadarin da ke hana barci) ɗin kofi ɗaya na nan a jini bayan kamar awa biyar, don haka shayi mai ɗaci a gama da shi kafin la'asar. Baligi na bukatar awa 7 ko fiye. A riƙa auna hawan jini. In ya tsaya a 14/9 (wato 140/90) ko sama, a nemi magani, kuma kar a bar shansa don an ji sauƙi.