Yadda aka cusa Super Mario Bros cikin kilobayit 40

Kaset ɗin da Nintendo ya fitar a Japan ran 13 ga Satumba, 1985, kilobayit 40 ne kacal: 32 na lissafi da matakai da kiɗa, 8 na zane. A wannan ɗan wuri Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka shirya duniya 8, mataki 32, Koji Kondo kuma ya sa kiɗan da har yau wanda ya taɓa gem ɗin zai iya rera shi da baki.

Ƙarancin wuri ne ya koya musu dabara. Dubi gajimaren sama, ka dubi ciyayin ƙasa: zane ɗaya ne, an mai da fari kore. Goomba, ɗan dodon nan na farko, hoto guda gare shi, ana juya shi hagu da dama sai ya zama kamar yana tafiya. Famicom, injin gem na Nintendo da ake saka kaset ɗin a ciki, ba ya iya nuna ƙananan zane masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya, shi ya sa in abokan gaba suka taru sai wasu su riƙa ƙyaftawa. Matakan kuwa da hannu aka fara zana su a takarda mai gida-gida.

Inda gwanintar take, a ganina, matakin farko ne. Ba rubutu ko ɗaya da zai ce maka yi kaza. An ajiye Mario a hagu, fili a gabansa, dole ka nufi dama. Goomba ya taho, ka koyi tsalle. Ka bugi akwati da ka, naman kaza ya fito, ya gangara, ya ci karo da koren bututu, ya juyo kanka. Ga bulo a samanka, kaucewa da wuya. Ya taɓa ka, sai ka ga ka girma. Shi ke nan ka gane wannan ba abin gudu ba ne. Tsallen ma gwargwadon yadda ka riƙe madanni yake nisa, kuma in ka saki gudu Mario sai ya ɗan zame kafin ya tsaya.

An sayar da kwafi fiye da miliyan 40, kuma ya taimaka wajen farfaɗo da kasuwar gem ta Amurka bayan durƙushewar 1983. Mu a Jos, galibi injinan kwaikwayo ne suka iso shagunan Terminus, da kaset mai alƙawarin wasa 999 alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Da yawa daga injinan nan suna nuna hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60 na injin asali, don haka gem ɗin da kiɗansa suna raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Wanda ya tono tsohon inji a gida, kada ya hura kaset da baki. Danshin numfashi tsatsa yake jawowa. A goge haƙoran ƙarfen da ke bakin kaset ɗin da auduga da sifirit, a bari su bushe. Kaset na Famicom haƙora 60 gare shi, na NES (samfurin injin da aka sayar a Amurka da Turai) 72, ba sa shiga ramin juna. A kula da adafta sosai: ta Famicom ta asali an yi ta ne don wuta mai ƙarfin volt 100, tamu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma. Ta NES kuma irin wutar da ake kira AC take fitarwa, Famicom kuwa wani iri daban, DC, yake ci; in aka haɗa su, injin na iya ƙonewa.