Kod ɗin da na riga na rubuta, shi ma da kuɗinshi

Shekaranjiya wani Alhaji mai mangazar siminti da rodi nan Maradi ya kira ni, murya a sama. Ashe ya leƙa shagon maƙwabcinshi ya tarar da manhajar lissafin kaya irin wadda na girka mishi wata biyu da suka wuce, fuska ɗaya, faktir ɗaya, launi kawai ya bambanta. Ya ce "kai yaro, jikka 150 ka amsa hannuna, ashe tsohon aiki ka kwafo mini?"

Na ce Baba Alhaji, mai bulon da kake saye gurinshi, ka taɓa cewa ya rage maka kuɗi don injinshi ba jiya ya saye shi ba? Ya yi shiru, sai ya ce in zo mu yi magana.

Gaskiya ban ɓoye komi ba, sai dai ban yi bayani ba tun farko, kuma nan laifina ne. Tushen manhajar Dolibarr ne, kyauta yake a intanet, ni na ɗora nawa a kai, wani ɓangare da ke bin bashin 'yan sari har ya nuna wanda ya kwana biyu bai biya ba, wata ukku na yi ina gyaranshi dare da rana, ga zahi ga kuran na ɗaukewa, sannan kowane shago sai na zauna na shigar da kayanshi ɗaya bayan ɗaya na koya wa yaran shago. Wanga aiki shi nike sayarwa. Da daga sifili zan rubuta mishi ai jikka 150 ko rabi ba ta kai.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne lasisi. Dolibarr yana ƙarƙashin wani lasisi mai suna GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, bugu na ukku ya fito 2007. GPL bai hana ka amsar kuɗi ba ko kaɗan. Sharaɗinshi dai, in ka miƙa wa mutum manhajar to yana da haƙƙin ya samu kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ya canza, ya ba wanda ya so, ba ka da ikon hana shi, kuma abin da ka gina a jikinta haka zai bi. Wani lasisin da ake kira MIT, kamar na Laravel, wani kayan gina manhaja, ya fi sauƙi, ka rufe naka ka sayar, ka dai bar sunan masu shi da rubutun lasisin a ciki.

Da na faɗa wa Alhaji haka idonshi ya buɗe, wai to zai iya bai wa ɗanshi na Tasawa ya girka kyauta? Na ce ƙwarai kuwa, amma ran da ta tsaya ranar kasuwa kiran waya na da farashi. Ya yi dariya har da buga tebur.

Yanzu kahin in taɓa kwamfutar kowa sai na rubuta a takarda: wanga na jama'a ne, wanga nawa ne kuma zan sake amfani da shi wurin wasu, in kana son naka kai kaɗai kuɗin ya ninka. Alhaji ya sa hannu, kuma ran Juma'a za ni Tasawa.